Yinin da Muka Ci Abincin Jamusawa a Orlando

Bahaushe ya san Jamus ta hanyoyi kaɗan amma masu ƙarfi. Ya san ta da Marsandi, ya san ta da gadojin da kamfanin Julius Berger ya gina, ya san ta da Muryar Jamus mai watsa shirye-shiryen Hausa daga birnin Bonn, matasa kuma sun san ta da ƙungiyar Bayern Munich. Abin da ba kasafai ake jin labarinsa ba shi ne tukunyarta, kuma ni kaina ban taɓa zama gaban farantin abincin Jamusawa ba sai a ƙasar da ba tasu ba, wato a jihar Florida ta Amurka, lokacin da yayana da ke zaune a Atlanta ya kwashi iyalinsa da nawa a dogon hutun makaranta muka nufi wuraren shaƙatawa na Walt Disney World da ke kusa da Orlando.

A cikin filaye huɗu na wurin, wanda ya fi jan hankalin manya shi ne Epcot, wanda aka buɗe ranar 1 ga Oktoba, 1982. Rabinsa na baya tafki ne da aka kewaye da unguwanni goma sha ɗaya, kowace da sunan wata ƙasa da gine-ginenta da abincinta, kuma zagayen tafkin a ƙafa ya kusa kilomita biyu. Wanda ya bi ta hagu zai wuce Meziko da Norwe da Sin, sai wata 'yar rumfa ta kayan Afirka da ke tsaye a inda aka taɓa shirin gina unguwar Afirka ba a gina ba, sannan ya faɗa Jamus. Unguwar Jamus ba ta da lilo ko jirgin da ake hawa kamar maƙwabtanta Norwe da Meziko. An taɓa tsara mata tafiya a kwalekwale a kan kwaikwayon kogin Rhine, amma aikin bai tabbata ba, don haka duk wanda ya shigo ta abu uku ne ya kawo shi: ya ci, ya sha, ko ya yi saye.

Dandali ne da aka shimfiɗe da duwatsu, a tsakiyarsa akwai maɓuɓɓugar ruwa da mutum-mutumin wani mahayi yana soke dodo da mashi, gidaje masu tsinin rufi da furanni a tagogi sun kewaye shi, a can ƙurya kuma hasumiyar agogo ce wadda 'yan tsana ke fitowa daga cikinta su buga ƙararrawa duk awa. A ƙarƙashin hasumiyar nan ne ƙofar babban gidan abincin take, mai suna Biergarten. Yaya ya riga ya kama mana wuri tun kafin mu baro gida, domin ana buɗe rajistar gidajen abincin Disney kwana 60 kafin ranar, kuma teburin jama'a da yawa ba ya daɗewa ba a ɗauke ba.

Da yake mun iso kafin lokacinmu, kuma zafin Florida na watan Yuli zafi ne mai ɗanshi da ke jiƙa riga tun kafin azahar, sai muka raɓa inuwar wata ƙaramar rumfa da ke bakin ƙofar, mai suna Sommerfest, inda ake saye a tsaye a tafi. Babban abin da take sayarwa tsiran alade ne a cikin burodi, wato niƙaƙƙen nama da ake ɗurawa a hanji a gasa, don haka muka tsallake shi muka sayi burodin da suke kira pretzel. Murɗaɗɗen burodi ne da aka harɗe hannayensa biyu a tsakiya, girmansa ya kai faɗin faranti, an barbaɗa masa manyan ƙwayoyin gishiri. Bayansa ja ne mai sheƙi saboda ana tsoma ƙullun a ruwan soda mai ƙarfi kafin a gasa, cikinsa kuwa fari ne mai tauri kaɗan da ke buƙatar tauna. Yara suka yayyaga shi suna kankare gishirin da farce, mu kuma muka nemi ruwan ƙanƙara, wanda ake bayarwa kyauta a irin waɗannan rumfuna ga duk wanda ya tambaya.

Ƙamshin man shanu da ƙonannen sukari ne ya ja mu zuwa shagon da ke gaban dandalin, Karamell-Küche, wanda aka buɗe a 2010 kuma alawar Werther's Original ce tushen duk abin da ake yi a cikinsa. Kamfanin Storck mai wannan alawa ya samo asali ne a 1903 a wani ƙaramin gari mai suna Werther a yammacin Jamus. A gaban idon mai saye ake juya gugguru a cikin narkakkiyar alawa a zube shi a kan faffaɗan tire ya sha iska, ana kuma tsoma tuffa da yankan kek a cikinta. Matar Yaya, wadda shekarun zama a Amurka suka koya mata karanta bayan kowace leda, ta hana yara duk wani abu mai farar alawar nan mai laushi da ake kira marshmallow, domin yawancinta a Amurka da sinadarin jelatin na alade ake ɗaure ta. Gugguru dai ya tsallake bincike, kuma shi ne abu ɗaya a yinin nan da babu wanda ya yi gardama a kansa.

Gardamar tana jiran mu a bakin ƙofar Biergarten, kuma maiɗakina ce ta tayar da ita. Al'adar gidan a lokacin ita ce dogayen tebura masu ɗaukar mutum takwas, waɗanda ake haɗa baƙi da baƙi a kansu kamar yadda ake yi a gidajen giya na Bavariya, jihar kudancin Jamus da Munich ke cikinta. Ta dube ni ta ce, "Malam, ka san hadisin nan fa, wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya a kansa." Hadisin sananne ne, Tirmizi ya ruwaito shi, kuma ba magana ce da za a share da dariya ba. Yaya ya ce, "Ku kwantar da hankalinku, na lissafa. Mu huɗu manya, yara huɗu, teburin ya cika da mu, babu baƙon da za a ƙara mana." Haka kuwa aka yi, kuma ko da ba a raba gardama a kan ko shiga gidan ma ya dace ba, kowa ya yarda cewa teburinmu namu ne, abin da ya hau kansa kuma mu ne muka kawo shi. Wanda zai je shi da matarsa kaɗai ya kamata ya tambaya tun daga gida ko har yanzu ana bin wannan tsari, ya nemi a ware masa wuri ko ya haƙura.

Muna tsallake ƙofa rana ta ɓace. An gina ɗakin ne ya zama dandalin wani ƙauyen Bavariya da dare, da wata a sama, da fitilun titi, da fuskokin gidaje masu tagogi a kewaye, teburan kuma an jera su hawa-hawa kamar matakala suna fuskantar dandamalin makaɗa. Ƙarfe ɗaya na rana ne a waje, amma a ciki kullum daren bikin Oktoberfest ne, ko a watan Yuli ko a Janairu. Shi bikin na gaskiya a Munich ake yin sa, kuma ya faro ne a watan Oktoba na 1810 da ɗaurin auren Yarima Ludwig mai jiran gadon Bavariya da Gimbiya Therese, inda aka gayyaci mutanen gari tseren dawakai a wani fili da har yau yake ɗauke da sunanta. Yanzu mutum wajen miliyan shida ne ke halartarsa kowace shekara, kuma yawancin kwanakinsa a watan Satumba suke faɗawa.

Abincin na ɗebi da kanka ne, kuɗi ɗaya a kan kowane kai, ka koma iya son ranka. Kafin mu ɗauki faranti Yaya ya shaida wa mai hidimar teburinmu cewa ba ma cin alade kuma ba ma cin abin da aka dafa da barasa, ba a jima ba sai ga ɗaya daga cikin kukun gidan ya fito da farar rigarsa ya zagaya da mu kan layin abincin kwano bayan kwano. Wannan ɗabi'a ce ta gidajen abincin Disney ga duk mai wani abin da ba ya ci, kuma a nan ne na ga amfaninta, domin a girkin Jamusawa alade ba a inda ake ganinsa kaɗai yake ba. Tsiran da ke jere kala-kala kowa zai gane shi ya kauce, haka ma faffaɗan naman da aka buga ya yi fale-fale aka soya shi cikin garin burodi, wanda suke kira schnitzel, wanda asalinsa a Vienna da naman maraƙi ake yi amma a nan na alade ne. Inda ake faɗawa rami shi ne a kayan lambu. Haɗin dankalin turawa mai ɗumi irin na kudancin Jamus da soyayyen naman alade ake yanka masa ƙanana, kabejin da aka tsima ya yi tsami sau da yawa da kitse ko ruwan inabi mai barasa ake ɗumama shi, naman shanun da suke kira sauerbraten kuwa kwanaki yake yi a jiƙe cikin ruwan khal da kayan ƙamshi, kuma galibi har da jan ruwan inabi. Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya tambayi kowane kwano da sunansa.

Da muka kai ƙarshen layin, abin da ya rage mana bai kai rabi ba, amma ya isa a ƙoshi. Akwai kifin salmon, akwai ganyayyaki da kokwamba da tumatir, akwai ƙananan burodin pretzel masu ɗumi, akwai taliya da cuku da aka gasa har samanta ya yi ɓawo, sannan akwai spätzle, wadda ita ce ta fi burge ni. Ƙullun fulawa da ƙwai ne mai ruwa-ruwa da ake tatsa ta ramukan mataci ya faɗa cikin tafasasshen ruwa, sai ya fito gutsi-gutsi, babu guda biyu masu kama ɗaya, a juya shi cikin man shanu. Asalinta daga yankin Swabiya ne a kudu maso yammacin Jamus, abincin talaka ce mai riƙe ciki, kuma ita kaɗai ba ta da wani ɗanɗano mai yawa sai abin da aka haɗa ta da shi. Maiɗakina ta ciro ƙaramar robar yajin da ba ta rabuwa da ita a jaka, ta barbaɗa wa kowa, kuma ina da yaƙinin cewa da Jamusawa sun ɗanɗana da sun sake tunani.

A kan gasasshiyar kaza ne muka rabu gida biyu. Yaya yana kan ra'ayin malaman da ke halatta yankan Ma'abota Littafi bisa aya ta 5 ta Suratul Ma'ida, don haka ya cika farantinsa ya yi bisimilla, ni kuma ina tare da masu ganin cewa yankan inji a mayankar zamani ba shi ne abin da ayar take nufi ba. Tsohuwar muhawara ce tsakaninmu, mun yi ta a Kano mun yi ta ta waya, kuma babu wanda ya sa ran za a warware ta a ƙarƙashin watan roba. Ya ci kazarsa, na koma na ƙaro kifi.

Abin sha kuwa shi ne sarkin ɗakin. Ana kawo giya a manyan kofunan gilashi masu mariƙi da ke cin lita guda, waɗanda ko babu komai a ciki nauyinsu ya haura kilo, kuma 'yan matan da ke hidima suna ɗauko da yawa a hannu ɗaya kamar ba komai. Jamusawa suna alfahari da dokar tsarkin giya ta 1516, wadda ta taƙaita kayan haɗinta ga ruwa da sha'ir da furen hops mai ɗaci. Irin wannan gidan shan ma yana da nasa tarihin. Kafin zuwan firiji, masu dafa giya a Munich suna haƙa rumbuna a ƙarƙashin ƙasa a gaɓar kogin Isar, su dasa itatuwa masu faɗin ganye a kai don sanyi, mutane kuma suka riƙa zama a inuwar suna sha. Masu gidajen abinci suka yi ƙorafi, sai a 1812 Sarki Maximilian na Ɗaya ya yanke cewa a sayar da giya da burodi a wurin amma ban da dafaffen abinci, shi ya sa har yau a irin waɗannan wurare a Bavariya mutum yana da damar zuwa da kwandon abincinsa daga gida. Wannan sashe na al'adar ne da ya fi yi mana amfani, kuma shi ne bai tsallako teku ba.

Akwai abu guda da ya kamata iyaye su lura da shi. Ƙaramar 'yata ta nuna wani kofi a teburin da ke ƙasa da namu ta ce irinsa take so, domin abin da ke ciki launin ruwan lemo ne mai ɗan ja, yana kumfa, sanyi ya yi wa gilashin raɓa. Giya ce da aka haɗa da ruwan garehul, ta kamfanin Schöfferhofer, barasarta kashi 2.5 cikin ɗari, kuma tana cikin abin da aka fi saye a duk unguwar, har za ka ga mutane suna yawo da ita a kofin roba a bakin tafki. Dokar Amurka ba ta yarda a sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba, kuma ana duba katin shaida, amma ido ba ya rarrabe ta da lemo. Mu dai lemon kwalba da shayi mai ƙanƙara suna cikin kuɗin abincin, sai kuma mai hidimarmu ta ba mu shawarar abin da ta ce yara ke sha a gida, wato ruwan tuffa a sirka da ruwan soda. Ya fi lemon kwalba kashe ƙishirwa nesa ba kusa ba, domin zaƙinsa ba ya kama maƙogwaro.

Muna cikin ci makaɗa suka hau, maza sanye da gajerun wandunan fata masu maɗauri a kafaɗa da dogayen safa, ɗauke da akodiyon da ƙahonin tagulla da ganga. Can sai aka fito da wasu dogayen ƙahonin katako da suka haura mita uku, bakinsu a ƙasa, mabusan suna tsaye a can nesa da shi. Duk wanda ya taɓa jin kakaki a ƙofar fada zai gane danginsa, sai dai shi wannan muryarsa mai taushi ce, an yi shi ne don makiyayan tsaunukan Alps su kira juna da shanunsu daga tsauni zuwa tsauni, ba don sanar da fitowar sarki ba. Bayansa wani ya jera ƙararrawar wuyan shanu manya da ƙanana a kan tebur, yana fizgar wannan ya ajiye ya fizgi waccan da sauri har waƙa ta fito sarai. Aka kira yara su sauko fili, namu huɗun suka bar farantansu ba tare da neman izini ba. Lokaci zuwa lokaci makaɗan kan tsaya su sa ɗakin gaba ɗaya ya ɗaga kofi a yi ihu tare, mu kuma muka bar namu a ajiye muna kallo.

Ma'aikatan unguwar yawancinsu matasa ne da ake kawowa daga Jamus su yi shekara guda, kowa da sunan garinsu a rubuce a ƙirji. Tamu daga kusa da Hamburg take, can arewa a bakin teku, kuma da matar Yaya ta yaba rigarta mai ɗamara da ƙyallen gaba, sai ta yi dariya ta ce ba ta taɓa sa irinta ba sai da ta zo Florida, domin tufafin mutanen kudu ce, su kuma a arewa kifi a cikin burodi suka fi sani. Wannan ya tabbatar mini da abin da nake zato tun shigowarmu, cewa abin da aka gina a nan Bavariya ce a ranar biki aka raɗa mata sunan ƙasar baki ɗaya. Jamus ta yau tana da Musulmi sama da miliyan biyar, kuma abincin titi da ya fi yaɗuwa a Berlin shi ne döner, yankakken gasasshen nama a cikin burodi, wanda Turkawan da suka zo aiki bayan yarjejeniyar 1961 suka kafa. Ba na zargin masu ginin da barinsa, domin baƙo biki ya zo kallo ba ƙidayar jama'a ba, amma da akwai rumfarsa a dandalin nan da ba mu buƙaci kuku ya zagaya da mu ba.

Teburin da ke gefenmu wani dattijo ne da 'ya'yansa da jikoki daga jihar Wisconsin, kuma da yara suka haɗu a filin rawa sai hira ta ɓarke tsakaninmu. Kakannin kakanninsa daga Jamus suka zo, bai iya harshen ba, bai taɓa zuwa ƙasar ba, amma ya san sunan kowane kwano domin kakarsa tana dafa su ranar Lahadi. Irinsa suna da yawa, tunda Amurkawa sama da miliyan 40 ne ke danganta kansu da asalin Jamus, kuma manyan kamfanonin giyar ƙasar irin su Miller da Pabst da Anheuser-Busch duk Jamusawa 'yan ƙaura ne suka gina su. Don irinsa aka yi ɗakin nan, kuma ya ci sauerbraten ɗinsa a natse kamar mai karanta wasiƙar gida. Da ya ga farantina sai ya tambaya ko ba ni da lafiya ne, na yi masa bayani, ya gyaɗa kai ya ce to kada in bari kayan zaƙi su wuce ni.

Na bi shawararsa, ban da kek ɗin Baƙin Daji mai cakulan da 'ya'yan ceri, wanda a girkinsa na asali ake jiƙa shi da barasar ceri. Abin da ya ci tuta shi ne strudel na tuffa, ƙullu mai sirantaka kamar takarda da aka naɗe yankakkiyar tuffa da kirfa da zabibi a ciki, aka gasa, aka kwarara masa miyar madara mai ɗumi. Tsamin tuffar yana karya zaƙin, ɓawon yana ruɓushewa a ƙarƙashin cokali, kuma maiɗakina ta buɗe nata a hankali tana ƙirga ninkin don ta gwada a gida.

Da takardar kuɗi ta zo na miƙa hannu, Yaya ya riga ni ya ce, "Kai baƙo ne a nan, ajiye katinka." Na dai leƙa. A tsarin wurin yaro daga shekara uku zuwa tara ne ke biyan kuɗin yara, wanda ya cika goma kuwa babba ne, kuma duk teburin da ya kai mutum shida ana ɗora masa tukuicin kashi 18 cikin ɗari kai tsaye. Babban ɗan Yaya ya cika goma wata biyu kafin tafiyar, don haka an caje shi daidai da dattijon Wisconsin, alhali taliya da cuku ya ci sai strudel biyu, sauran lokacin kuma yana fili yana tsalle. Uban ya dube shi ya dubi takardar, ya ce, "Tashi ka je ka ƙaro kifi." Yaron ya ce, "Abba, na ƙoshi," sannan ya juyo gare ni ya ce, "Baffa, a ina aka ajiye sauran guggurun nan?"